Sunan uba ko sunan miji?

A Jos, amaryar da ta yanke shawarar ɗaukar sunan mijinta takan fara da kotu, inda za ta yi takardar rantsuwa. Daga nan sai sanarwa a jarida. Jaridar Nigeria Standard, wadda gwamnatin Joseph Gomwalk ta kafa a 1972, ta daɗe tana buga irin waɗannan ƴan layuka: wance ce a da, wance ce yanzu, tsofaffin takardu suna nan daram.

Sauran aikin na bin layi ne. Hukumar NIMC za ta gyara sunan da ke kan lambar ɗan ƙasa, banki ya gyara na BVN, wadda aka ɓullo da ita a 2014. Idan biyun suka saɓa ko da harafi ɗaya, asusu na iya cijewa. Takardar WAEC kuwa ba ruwanta da aure, sunan ƴar makaranta za ta ci gaba da ɗauka.

Abin lura, al'adar ɗaukar sunan miji baƙuwa ce, Turawa suka zo da ita. Nana Asma'u ta auri Waziri Giɗaɗo, amma har yau ƴar Shehu ake ce mata, kuma malamai a Unguwar Rogo da Gangare sukan kafa hujja da Suratul Ahzab cewa mutum da sunan ubansa ake kiransa. Duk da haka, Maryam Abacha da Aisha Buhari da sunan mazajensu aka san su.

Wahalar takan fito fili in aure ya mutu: a koma kotu, a koma jarida, a sake biyan kuɗi.