Neman Ƙwayar Bitamin Ga Yarinyar Da Ba Ta Cin Alkama

Ranar da likita ya shaida mana cewa 'yarmu ba za ta ƙara cin abin da aka yi da alkama ba, kuma ta dakata da madara da nono, mun ɗauka magana ta ƙare a kan burodi da taliya da gurasa. Ashe da sauran rina a kaba.

Cutar, wadda likitoci ke kira siliyak, tana lalata bangon ƙaramin hanji duk lokacin da sinadarin gulutin na cikin alkama da sha'ir ya shiga ciki. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ne ya lura yara masu ita sun sami sauƙi a lokacin yunwar 1944 zuwa 1945, sa'ad da burodi ya yanke. Hanjin da ya lalace ba ya tsotse sinadarin ƙarfe da kalsiyam yadda ya kamata, sau da yawa kuma ba ya narkar da sukarin madara. Shi ya sa yarinyar ta rame, jininta ya yi ƙasa, aka ce mu haɗa mata da ƙwayar bitamin.

Muka nufi kemis ɗin unguwa, muka yi bayani. Mai kemis ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ai bitamin bitamin ne!" Allah Ya taimake mu ba mu biye masa ba. Mai karatu, ƙwayar magani ba zallar magani ba ce. Ana cuɗa ta da sitaci ko sukarin madara, wato laktos, domin ta dunƙule, sitacin nan kuwa yana iya zama na masara, yana iya zama na alkama. Kwalba uku muka mayar a ranar, domin an rubuta sitaci kawai ba a faɗi na mene ne ba. Ta huɗu kuma kwansonta na jelatin ne, wanda akan yi da fatar alade ko ƙashin shanu, muka ajiye ta.

Daga baya wata mai harhaɗa magunguna a asibiti ta koya mana abu uku: mu duba lambar NAFDAC, mu karanta jerin kayan haɗi har ƙarshe, mu nemi inda aka rubuta babu gulutin, wanda a ƙa'idar duniya ke nufin bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba. Sai a mako na biyu muka dace.

A gida kuwa mun koma ga gero da dawa da acca da shinkafa, ga zogale da riɗi da miyar kuka. Yarinya ta fara murmurewa, har ta koma makaranta. Duk sabuwar kwalba sai mun sake karanta ta, domin kamfani kan sauya haɗi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.