Ziyarar Gidan Namun Daji

Ran nan da hutun Kirsimeti, ana tsakiyar hunturu, wani malami ya kai 'yan makaranta daga Ƙaraye da Rogo gidan namun daji na Kano. Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, shi ya kafa shi.

Yara suka ga kura da jimina da birai. Wani yaro ya tsaya gaban zaki, ya ce, "Malam, kakana ya ce a dā akwai irinsa a dajinmu. Ina suka tafi?"

Malam ya ce, "An sare dajin an yi gonaki, maharba kuma suka ƙarasa sauran."

Yaro ya yi shiru. Abin da kakansa ya sani a dawa, shi sai da ya biya kuɗi ya gan shi cikin keji.