Wutsiyar Garin Wani: Kwana Biyu a Masaukin Ruwan Zafi na Japan



Magabata sun ce in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Mu da muka tashi a zango, a tsakanin mutanen da harshensu dabam da namu, mun san amfanin wannan magana, mun kuma san tambayar da ke biye da ita: wace wutsiya ake ɗaurawa, wace kuma ake ba da haƙuri a bari? Tambayar ta sake taso mana a Beppu, wani gari na tsibirin Kiyushu a kudancin Japan, inda tururi ke fitowa daga ƙasa a tsakanin gidaje. A can muka kwana biyu a irin masaukin gargajiyar da suke kira riyokan.

Japan ƙasa ce ta duwatsu masu aman wuta, shi ya sa ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa a dubban wurare. Onsen suke kiran wannan ruwa, har suka yi masa doka a 1948, wadda ta ce sai zafinsa ya kai digiri 25 a bakin maɓuɓɓuga, ko kuma ya ƙunshi wasu ma'adinai da aka lissafa. Masaukan da ke gefen ruwan sun daɗe ƙwarai. Akwai na Keiunkan a lardin Yamanashi, wanda aka kafa a shekarar 705, wato zamanin daular Banu Umayya, kuma har yau yana sauke baƙi.

Yawancin dokokin gidan ba su yi mana nauyi ba. Tun daga ƙofa ake tuɓe takalmi a sa silifa, ita ma a bar ta kafin a taka tabarmar tatami da ta rufe ɗaki, bayan gida kuwa da nasa silifar dabam. Aka ba mu rigar auduga mai suna yukata, aka nuna mana a ɗora gefen hagu bisa na dama, domin akasin haka gawa ake yi wa. A ƙasa ake cin abinci, a ƙasa ake shimfiɗa katifa da dare. Wanda ya girma a zauren malam ba zai ga baƙon abu a nan ba. Muka yi sallolinmu a kan tabarmar da takalmi bai taɓa takawa ba, sai dai alƙiblar can tana yamma, ta ɗan karkata arewa.

Ruwan kansa ma babu shubuha a cikinsa. Ko da ya zo da warin farar wuta, mun karanta a fiƙihun Malikiyya cewa ruwan da ƙasar mazauninsa ta sauya masa launi ko ɗanɗano ko wari yana nan a kan tsarkinsa. Ladabinsu kuma abin koyi ne: sai mutum ya zauna a 'yar kujera ya cuɗa jiki da sabulu ya ɗauraye sarai, sannan ya shiga kwarmin ruwan, kuma ko tawul ba a yarda ya taɓa ruwan ba.

A nan ne maganar ta tsaya mana. A babban wurin wanka, maza da sashensu, mata da nasu, amma kowa tsirara yake shiga, su kuwa ba su ɗauke shi rashin kunya ba. Mu a wurinmu al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, ko a gaban namiji ɗan uwansa. Shiga da wando saɓa wa masu gida ne, shiga babu shi saɓa wa Ubangiji ne. Sai muka nemi abin da suke kira kashikiri, ƙaramin ɗakin wanka da ake keɓe wa mutum ɗaya ko iyali na wani lokaci, a rufe ƙofa. Uwargidan masaukin ta rusuna ta rubuta mana lokacinmu, ba ta nemi dalili ba. Haka muka yi da abinci. Da yake kuɗin kwana ya haɗa da na dare da karin kumallo, tun kafin mu iso muka sanar cewa ba ma cin naman alade, ba ma son sake da mirin, barasar shinkafar da suke zubawa a girki. Aka kawo mana kifi da shinkafa da ganyaye da awarar waken suya.

Wannan karɓa ta tuna mana da kakanninmu masu masauki a Salaga da Kumasi, waɗanda ke sauke fataken goro, su ciyar da su, su adana musu kaya, su tsaya musu a ciniki. Maigida na ƙwarai yana da ƙa'idar gidansa, baƙo na ƙwarai yana da iyakarsa, kowa kuma ya faɗi tasa tun da wuri cikin ladabi.

Yaranmu da ke fita karatu da neman halal a ƙasashen nesa, gare ku muke wannan magana. Duk al'adar da ba ta taɓa addini ba, ku ɗauke ta da hannu biyu, ku ma fi masu ita kiyaye ta. Wadda ta taɓa shi, ku nemi mafita da tattausan harshe, kada ku zargi mutane a cikin gidansu, kada kuma kunyar ido ta sa ku yi shiru har a kai ku inda ba ku so. Allah Ya tsare mana imaninmu a gida da daji, Ya haɗa mu da masu masauki na kirki. Amin.