Ƙuri'a Ba Ta da Kawu

Mu huɗu ne a ofishin, in dai za a kira ɗaki guda a saman shagon tayoyi ofis. Ukunmu kimiyyar kwamfuta muka karanta, ta huɗun kuwa ilimin ƙididdiga, shi ya sa muke ce mata Malama. Shekara biyu muka kwashe muna gina abu ɗaya: manhajar waya da ɗalibai za su riƙa bitar tambayoyin jarabawar JAMB, kowace amsa da bayaninta cikin Hausa. Tun da jarabawar ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015, mun sha ganin yaran unguwarmu da suka san karatu amma hannunsu na karkarwa a gaban na'ura. Domin su muka yi aikin.

Da sakamakon shekarar farko ya fito, muka bi ɗalibanmu da waya ɗaya bayan ɗaya muna tambayar makinsu. Abin ya yi mana daɗi. Waɗanda suka fi buɗe manhajar su ne suka fi samun maki. Muka zana jadawali mai launi, muka aika aka sayo tsire, muka fara rubuta wa ƙungiyar da ke tallafa mana wasiƙar neman ƙarin kuɗi.

Malama ba ta taɓa tsiren ba. Ta dubi jadawalin ta ce, "Su wa suka fi buɗe manhajar?" Muka ce masu ƙwazo. Ta ce, "Masu ƙwazo, waɗanda aka saya wa babbar waya, ake sa musu data, gidansu da wuta, da yamma kuma suna zuwa lasin. Wallahi ko littafin girke-girke muka ba su, su ne dai za su fi cin jarabawar."

Muka yi shiru, don mun san gaskiya ta faɗa. Abin da muke son sani shi ne, wannan yaron da ya yi amfani da manhajarmu, nawa zai ci da bai yi ba? Wannan kuwa ba mai iya gani, domin yaro ɗaya ba ya rayuwa biyu. Iyakar abin da za a iya shi ne a samu rukuni biyu masu kama da juna a komai, a ba ɗaya, a hana ɗaya, a kwatanta. Matsalar tana wajen "a komai". Za mu iya daidaita shekaru da unguwa da irin makaranta, amma da me za mu auna naci, ko uwar da ke tashin ɗanta da asuba ya yi bita? Duk wanda aka ce ya zaɓa da hannunsa, da son ransa zai zaɓa, ko da bai sani ba.

Maganin ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ya taɓa shiga watanda ya san yadda ake yi: a kasa naman kashi-kashi, a sa yaro ya juya baya, a nuna kashi a ce na wane ne, ya kira suna. Ba wanda zai ce an fifita wani, don mai kiran sunan bai ga tsokar ba. In aka raba mutane da yawa ta ƙuri'a, masu naci da malalata, masu wuta da marasa wuta, duk za su watsu a ɓangarorin biyu kusan daidai, har da halayen da ba mu san da su ba. Bambancin da ya rage a ƙarshe, ko dai daga abin da muka bayar ne, ko kuma sa'a ce, ita kuwa sa'a lissafi ya san iyakar girmanta.

Wanda ya kafa wannan a matsayin ƙa'idar bincike shi ne Ronald Fisher, wanda ya fara aiki a 1919 a cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila. A gona ya gano matsalar: in ka zuba taki a kunyar da ke kusa da ruwa ta yi kyau, takin ne ko damshin? Sai ya ce a bar ƙuri'a ta zaɓi fegin da zai samu taki. A littafinsa na 1935 ya kawo misalin matar da ta ce tana iya gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko shayi. A ba ta kofi 8, huɗu haka huɗu haka, a hautsina jerinsu. Mai cinke kawai, sau 1 cikin 70 zai dace da duka. Da wannan lissafin ake raba iyawa da dace.

Ƙungiyar ta amince mu gwada. Dama kuɗin datar da ta ware ba zai ishi duk makarantun da suka nema ba, sai rabinsu. Muka tsara cewa rabi su samu bana, rabi baɗi.

Da farko mun so mu yi ƙuri'ar a tsakanin ɗalibai, don sun fi yawa. Sai ɗayanmu ya tuna yadda fim ke zagaye aji ta Xender kafin a tashi tara. In Audu ya samu, na kusa da shi ya samu, kuma rukunin da muka ce an hana ba a hana shi komai ba. Masu bincike sun daɗe da sanin wannan. A gundumar Busia ta Kenya, Edward Miguel da Michael Kremer sun bi diddigin rabon maganin tsutsar ciki a makarantu 75 tun daga 1998. Fashin makaranta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma har yaran da ba su sha maganin ba sun amfana, don masu yaɗa cutar sun ragu a kewayensu. Da a cikin aji ɗaya aka kwatanta wanda ya sha da wanda bai sha ba, da an rena maganin. Don haka muka mai da ƙuri'ar tsakanin makarantu. Wannan ma da tsadarsa. Ɗaliban makaranta ɗaya malaminsu ɗaya, allonsu ɗaya, saboda haka ɗari daga cikinsu ba su kai ɗari daga wurare dabam-dabam ba wajen ba da shaida. Kuma in kana son rage kuskuren awo da rabi, sai ka ninka yawan makarantun sau huɗu.

Kafin a taɓa komai, Malama ta sa muka rubuta takarda: makin da za mu auna, ranar da za mu auna, da lissafin da za mu yi. Muka aika wa ƙungiyar kwafi. A lokacin mun ɗauka ƙa'ida ce kawai irin ta 'yan boko.

Taron iyaye ya fi komai wuya. Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Wato gwaji za ku yi da 'ya'yanmu?" A Kano wannan kalma tana da tabo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. Ba mu ce masa namu manhaja ce kawai ba. Muka karanta takardar neman izini da Hausa daga farko har ƙarshe, muka faɗi abin da za mu tattara da wanda zai gani, muka ce wanda bai yarda ba ba abin da zai rasa. Wasu suka sa hannu, wasu suka ƙi.

Saura ƙuri'ar kanta. Layi uku na umarni ya isa kwamfuta ta yi ta, amma mu da muke rubuta irin wannan umarnin mun san sirrinsa: in sakamakon bai yi maka ba, ka canza lambar farawa ka sake bugawa, ba wanda zai sani. Kuma muna da dalilin jin tsoron kanmu. Ɗaya daga cikin shugabannin makarantun kawun ɗayanmu ne, shi ya biya masa kuɗin jami'a, mu duka Kawu muke ce masa. Don haka muka tara shugabannin a ɗaki ɗaya, muka ware makarantun gwamnati dabam, masu zaman kansu dabam, na mata dabam, don kada wani iri ya taru a gefe guda. Muka naɗe sunaye muka zuba a kwano, muka kira wata yarinya 'yar firamare ta ɗebo. Makarantar Kawu ta faɗa cikin na baɗi.

Da daddare ya kira mu gidansa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yarana na aji shida ba su da baɗi. Bana za su rubuta. Suna ɗaya ne, ku musanya, wa zai sani?"

Muka durƙusa muka ce, "Kawu, ka yi haƙuri. In muka sa taka don mun san ka, gobe ta yi kyau, ba za mu san ko manhajar ce ko kai ne ba. Kuma sunan da za mu cire, su ma yaran wani ne."

Muka ba shi labarin gwajin maganin tarin fuka da aka buga a Ingila a 1948. Maganin streptomycin ya yi ƙaranci, ba zai ishi kowa ba, sai Austin Bradford Hill ya tsara rabon ta lambobin ƙuri'a a cikin ambulan da aka liƙe, don kada likita ya zaɓi wanda ransa ya kwanta da shi. Cikin wata shida, 4 suka rasu daga 55 da suka samu, 14 daga 52 da ba su samu ba. Kawu ya saurara har muka gama, ya ce, "Allah ya ba da sa'a." Ya kwashe wata uku ba ya ɗaukar wayar ɗan 'yar'uwarsa.

Da lokacin lissafi ya zo, sai ga wata jarabawar. A makarantun da suka samu, ɗalibai da yawa ba su ko buɗe manhajar ba. Zuciya ta ce a cire su, ai ba su gwada ba. Malama ta hana: in muka cire su, mun koma kwatanta masu naci da kowa da kowa, wato gidan jiya. Yadda ƙuri'a ta raba su haka za a lissafa su. Wasu kuma layinsu ya daina shiga, muka bi su gida-gida a kan babur, don waɗanda ke ɓacewa galibi ba masu labari mai daɗi ba ne.

Sakamakon ya fito. Makarantun da suka samu sun ɗan ɗara, amma ɗarawar ƙarama ce ƙwarai, irin wadda ƙuri'a kaɗai kan iya haifarwa ko da ba mu ba kowa komai ba.

Daren nan ba wanda ya tafi gida. Muka shiga yanyanka bayanan: maza kaɗai, mata kaɗai, 'yan kimiyya, 'yan cikin gari. Can wajen ƙarfe biyu muka samu wani lungu da bambancin ya fito fili, muka fara murmushi. Malama ta ɗauko takardar da muka sa wa hannu ta ajiye a kan tebur. Ma'aunin da aka saba amfani da shi yana yarda da yin kuskure sau 1 cikin 20. In ka yi kwatance 20 a inda babu komai, kana sa ran ɗaya zai haska don dace kawai. Mu kuwa mun yi fiye da haka. So hana ganin laifi, kuma mu muka haifi abin nan.

Muka rubuta rahoton yadda yake. Ƙungiyar ta yi godiya, ta cika alkawarin makarantun baɗi, amma ba ta ba da ƙarin da muka nema ba. Albashi ya gagara, ɗayanmu ya karɓi aiki a Legas. Har yau muna jin zafin wannan, kuma ba za mu ce ba mu taɓa tunanin da mun aika jadawalin farko mai launi ba.

Abin da gwajin bai ce ba shi ne manhajar banza ce. Ya ce a yadda muka bayar da ita, a waɗannan makarantun, ba mu ga tasirin da ya wuce sa'a ba. Da muka koma rumbun bayanai muka ga yawanci sukan daina buɗewa bayan makonnin farko. Da muka tambaya, sai aka ce wayar ta Baba ce ko ta Yaya, ba ta dawowa gida sai bayan isha'i. Sai muka karanta gwajin da Jenny Aker da abokan aikinta suka yi a ƙauyuka sama da 100 na jihohin Doso da Damagaram a Nijar, a 2009 da 2010. Dukan ƙauyukan sun samu ajin yaƙi da jahilci, amma ƙuri'a ta zaɓi rabi aka ƙara musu koyon sarrafa ƙaramar waya, kuma waɗannan suka fi a rubutu da lissafi. A can, waya ta shiga aji ne ta tarar da malami. Mu kuwa mun miƙa manhaja mun juya baya.

Bana mun sauya tsari. Wayoyi kaɗan ne za su zauna a makaranta, malami ya jagoranci bita sau biyu a mako. Ko wannan zai yi aiki? Muna fata, kamar yadda muka yi fata a karon farko, shi ya sa za mu sake gwadawa.

Makon jiya muka kai wa Kawu nasa kason. Wayoyin ba za su ishi azuzuwansa duka ba. Ya dube su, ya dube mu, ya ce wa masinja ya je kicin ya ɗauko kwano, ya kuma kira masa yaro ɗaya daga aji ɗaya, wanda bai san kowa ba.