Cokalin da ba a ɗora shi a sikeli

Duk ranar Asabar, titin Portobello da ke Landan kan cika da masu sayar da tsofaffin kaya. Ga cokula, ga butocin shayi, ga farantai, duk suna ƙyalli. Bahaushen da ya saba da 'yan gwal na Kano, tambayarsa ta farko ita ce giram nawa ne. Mai kayan kuwa ba zai taɓa sikeli ba. Kifa cokalin zai yi, ya ƙura wa bayan mariƙinsa ido da ɗan gilashi, yana neman hatimi.

In ya ga hoton zaki yana tafiya, azurfa ce ta gaske, kashi 925 cikin 1000. In kuwa haruffan EPNS ya gani, to ruwan azurfa ne kawai aka yi wa gaurayen jan ƙarfe da nikel da tutiya. Ko an narka shi, abin da za a samu bai taka kara ya karya ba. Wasu masana'antun ma sun riƙa buga tambarin da ya yi kama da na azurfar gaske, shi ya sa baƙon kasuwa ke saurin ruɗuwa.

To me ake saye ke nan? Suna da kuma tarihi. A wajajen 1743 Thomas Boulsover na garin Sheffield ya gano yadda ake manna fallen azurfa a kan jan ƙarfe da wuta. A 1840 'yan gidan Elkington na Birmingham suka yi rajistar dabarar shafa azurfa da lantarki, wadda ta karya farashi har matsakaitan gidaje suka samu abin fita kunyar baƙi. Yau tsohon aikin Sheffield ya fi daraja, kuma abin mamakin shi ne, in gefensa ya ɗan goge har jan ƙarfen ya leƙo, masana ba sa ƙyamarsa. Wanda ya kai shi aka sake masa ruwan azurfa don ya yi kyau, shi ne ya rage masa kuɗi. Sunan Elkington, ko Mappin & Webb, ko Christofle na Faransa, yana ɗaga farashi, haka ma cikakken saiti a akwatinsa na katako. Ragowar tarkacen kuwa arha ake sayar da su, domin matasan Ingila sun gaji da goge-goge.

A Kano lissafin daban ne. Matar da ta kai ɗan kunnenta na gwal kasuwa don biyan kuɗin makaranta ta san sikeli ne zai yi magana, kuma kuɗin aikin maƙeri ya tafi ke nan. Maƙeran Agadas ma sun daɗe suna narka tsohon kuɗin azurfa mai hoton Maria Theresa da shekarar 1780, su ƙera kayan ado. Wannan tsari yana da adalcinsa: ba a yi wa mace wayo da dogon labari, kuma dukiyarta na komawa kuɗi a rana ɗaya.

Amma akwai asara a ciki, kuma tana da ciwo. Tasoshin tagulla da kakanni suka yi jere da su, masu zanen da aka buga da hannu, yawancinsu ba su ɗauke da sunan maƙeri ko shekara. Da yayinsu ya wuce, sai dillaliya ta zagaya da su, in ba su samu shiga ba su faɗa hannun 'yan gwangwan a auna su da kilo. A Landan cokalin da azurfarsa ba ta kai kaurin takarda ba yana da littattafan da ke bayyana hatiminsa. Mai neman sanin wanda ya ƙera tasar kakarsa kuwa, sai dai ya nufi Kasuwar Kurmi ya tambayi dattawan da suka rage a layin maƙera.