Karas Bai Gyara Idon 'Yata Ba

Yau wani kuskurena na kawo muku, don kada wata ta maimaita shi.

'Yata ta fari tana aji huɗu malamarsu ta aiko mini, wai yarinyar ba ta ganin rubutun allo sai ta ƙanƙance ido, a kai ta asibiti a auna. Da jin haka gabana ya faɗi, don na san ƙarshen zancen tabarau ne. A unguwarmu kuwa cewa a ke yi tabarau ƙara kashe ido ya ke yi.

Na kai kukana wurin maƙwabciyata. Ta ce, "Haba Yaya, wane irin tabarau? Kin manta da ɗana?" Ban manta ba. Yaron ya yi dundumi, da magariba ta yi sai ya dinga tuntuɓe. Aka dinga ba shi hanta da miyar zogale da manja, ba a daɗe ba ya warke sarai. Da idona na gani. Sai ni ma na ɗora 'yata a kan hanta da karas.

Sa'an nan ƙanena ya kawo wata dabara ta wani likitan Amurka, William Bates, wanda ya buga littafi a 1920 yana cewa gajiyar jijiyoyi ke ɓata gani, in an hutar da su ba a bukatar tabarau. Kullum da safe na sa ta rufe ido da tafin hannu, ta jujjuya shi dama da hagu. Har da fuskantar rana akwai a ciki, Allah ya taimake ni ban yarda da wannan ba, ashe kallon rana ƙona cikin ido ya ke yi.

Shekara guda cur muna wannan. In na tambaye ta, sai ta ce, "Da sauƙi, Inna," don kada raina ya ɓaci. Ranar da sakamakon jarrabawa ya fito aka ce ta maimaita aji, ran nan na san na cuce ta.

Muka tafi asibitin ido. Da likita ta gama aunawa, na zayyana mata duk abin da na yi. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Hajiya, ɗan maƙwabciyarki rashin bitamin A ya same shi. Hanta da manja da karas suna da shi, don haka ya warke. 'Yarki ba abinci ta rasa ba. Ƙwayar idonta ce ta ɗan fi tsawo daga gaba zuwa baya, shi ya sa abin da ke nesa ya ke zo mata dishi-dishi. Kin taɓa ganin wanda ya rage tsawon ƙafarsa da motsa jiki don takalmi ya shige shi?"

Na ce to, masu rantsuwa cewa dabarar ta yi musu amfani fa? Ta ce ba duka ke ƙarya ba. Wadda idonta ya gaji da ɗinki ko karatu, in ta huta za ta ji daɗi. Akwai kuma yaran da idanunsu biyu ba sa haɗuwa sosai wajen karatu, su kam motsa ido na taimakonsu, amma sai likita ya tsara. Wasa a waje cikin hasken rana ma yana rage wa yaro haɗarin kamuwa da irin matsalar 'yata, sai dai in ta riga ta kama ba ya mayar da idon yadda ya ke. Batun tabarau na kashe ido kuwa, ta ce ba shi da tushe.

Watau dai ciwon ido ba iri ɗaya ba ne, kowanne da sanadinsa. Wadda ta haura shekara 40 ta kasa zura zare a allura, tabarau na karatu ta ke bukata. Yana in ta rufe ido, aikin likita kaɗai ke cire ta. Hawan jinin ido kuwa a ɓoye ya ke cin gani, abin da ya cinye ba ya dawowa, ga shi mutum na can yana cin karas.

Daren da 'yata ta fara sa tabarau muna zaune a tsakar gida, ta ɗaga kai ta ce, "Inna, ashe taurari suna da yawa haka?" Na shiga ɗaki na share hawaye. Da na sani ƙeya ce.

Don haka, iyaye mata, ku ba yara zogale da hanta, abinci ne mai kyau. Amma in yaro yana ƙanƙance ido, a fara kai shi a auna, a san irin ciwon kafin a nemi magani. Ku kuma 'yan makaranta, in allo ya yi muku hazo ku faɗa, ba abin kunya ba ne. Allah ya tsare mana ganinmu, amin.