Kasuwar Artisan ta Inugu: In tiyata ta kama mutum nesa da gida

Duk Bahaushen da ya sauka Inugu ba ya kwana biyu bai ji sunan Artisan ba. Akwai tsohuwar kasuwar a cikin gari, wajen Titin Ogui, akwai kuma Sabuwar Artisan a bakin babban titin Fatakwal, inda ake sauke awaki da raguna daga Arewa. Zaman mutanenmu a garin ya daɗe. An gano kwal a nan a 1909, layin dogo ya haɗa garin da Fatakwal a 1916, kuma Magajin Garin Inugu na farko, Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato ne.

Da ka shiga, kukan awaki da hayaƙin babbaka ne za su tarbe ka. Ga mahauta, ga masu shayi, ga 'yan dako, ana ciniki da Hausa da Ibo da Turancin buroka. Ni kuwa, a matsayina na mai harhaɗa magunguna, idona yana kan tiren masu tallar ƙwayoyi, wanda ke yini cikin rana. Da yawan mutanen nan sun bar iyalinsu a gida, ga aikin ɗaukar kaya mai nauyi da ke tayar da ciwon ƙaba. Sai mutum ya yi ta danne ciwon da ƙwaya har ranar da hanji zai maƙale, a kwashe shi cikin gaggawa.

Garin bai rasa asibitoci ba. Akwai Asibitin Koyarwa na Parklane, da Asibitin Ƙashi na Ƙasa, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya da yanzu yake Ituku-Ozalla, wanda ya fara tiyatar buɗe zuciya a ƙasar nan a 1974. Abin da baƙo ya fi rasawa shi ne shiri.

In an sa maka ranar aiki, ka tattara duk abin da kake sha ka nuna wa likita, har da jiƙo da maganin ƙarfi. Asfirin da wafarin suna hana jini daskarewa. Mai shan tramadol kullum ya faɗi gaskiya, domin mai allurar barci ya san yadda zai auna masa magani. Mai ciwon suga ko hawan jini kada ya daina maganinsa da kansa, ya tambayi wanne zai sha da safen. Mai shan taba ya bari tun da sauran makonni, don rauni ya yi saurin warkewa.

Yawanci ana daina cin abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuma awa 2, sai in likita ya ce wani abu daban. Koko da shayi mai madara abinci ne. In aka sa barci ciki a cike, amai na iya gangarawa huhu.

A yi gwajin yawan jini da rukuninsa, da suga, da hawan jini da wuri. A tanadi mai jinya, da wanda zai ba da jini, da mai fassara kafin a sa hannu a takarda.

Ku kuma iyalan da ke gida, in maigida ya bugo waya ya ce "ɗan ƙaramin aiki ne", ku tambaye shi wa zai kwana da shi a asibiti. Allah Ya ƙara mana lafiya.